Sangun Jariri

"Lafiya ƙalau, in ban da warin roba da ya riga ki shigowa," in ji tsoho Siluwai.

Jikarsa Jenita, sanye da rigar nutso ta roba, ta jingine tulun iskar da take shaƙa a cikin ruwa, ta ajiye tsinken ƙarfen da take dogarawa a ƙasan teku don kada ƙafafunta su tada laka. Shekaranjiya yayarta ta haihu. A gidan nan kuwa ba a ɗura wa jariri nono sai da sangu, katantanwar teku, wadda Siluwai ya nutsa ya ɗauko da numfashi ɗaya a filin ƙasan teku da ya yi shekara arba'in yana cin abinci a cikinsa. Yanzu ƙirji ya ƙi, shi ya sa ya aike ta.

"Tatta, kai da kake warin busasshen kifi tun ba a haifi uwata ba?"

"Ji marar kunya! Shekarata tamanin ban riƙe sanda a tudu ba, ke kina dogara ta a ruwa. Kifaye na ce miki sannu Kaka?"

"Gara ni. Ku da kuke faɗawa tim kamar buhun shinkafa, ku dama ruwa, ku yi ta lalube. Rabin abin da ka tsinto a rayuwarka silifas ɗin mutane ne."

"Ke fa mai goyon iska? Numfashi ya ƙare a gidanku ne?"

"Kai ka cinye shi da surutu."

"Miƙo aikena."

Ta miƙa. Bai ko duba ba, ya zura ɗan yatsa a bakin sangun, ya sansana.

"Yaushe teku ta fara goge kaya? A wane shago kika yi nutso?"

"Na gaban coci. Zurfinsa taku uku."

"Ragguwa! Ɓata kika yi. Na ce ki saita hasumiyar cocin tsakanin giginyu biyu, nan ne filin."

"Na saita, Tatta. Sau uku na sauka." Wasan ya fice daga muryarta. "Na kafa tsinken nan, ya shige har wuyan hannuna bai taɓa dutse ba. Jiragen jan koma sun share wurin, laka ta binne saura. Ko ƙaguwa ban gani ba."

Tsohon ya jawo tsinken, ya auna shi da hannu, kamu biyu, ya sake aunawa. Sai ta ji da ma ta ce ɓatan ta yi. Can ya yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji.

"Kin ci, tsohuwa mai sanda. Leƙa bayan ƙofa, dutsen da nake nutso da shi yana nan. Na ba ki."

"In yi me da shi, ni mai tulu?"

"Kai wa uwarki ta niƙa barkono." Ya ɗora mata sangun a hannu. "Wannan kuma ki cuɗe ta da yashi sheƙin ya mutu. Ki ce wa yayarki daga filina take."