Yadda Muka Tsufar da Layinmu Cikin Kwana Uku

Jama'a, yau da farar riga na fita daga gida, na dawo da shekara ɗari a gadon bayana. Jingina kawai na yi da bangon maƙwabcina Tela ina jira ya ɗinke min maɓalli, da na miƙe sai na ji rigar ta manne. Matata ta jujjuya ni a tsakar gida, ta ce, "Malam, a wane gareji ka kwanta?" Na ce mata ba gareji ba ne, tarihi ne, ta riƙa magana da ladabi.

Bari in koma baya, don kada ku ce zafin layin mai ne ya taɓa min kai.

Layinmu tsohon layi ne, gida goma sha huɗu. Kakanninmu suka gina shi da jan tubali, tagogi masu marfin katako, ƙofofi masu kaurin da sai ka sa kafaɗa. Hanyar kuwa ƙunci gare ta, in mota biyu suka haɗu sai direbobin sun gaisa sun tambayi iyali kafin ɗaya ya ja da baya. Shekara biyu da suka wuce wani Kwamitin Sabunta Fuskar Gari ya zo mana da farar mota da lasifika, aka sanar da mu cewa duk gidan da ya yi kama da na da abin kunya ne ga gari, za a shafa masa jan fenti a ture shi. Mu kuwa mutane ne masu saurin fahimta in an ambaci katafila. Cikin wata guda kowa ya yaɓe tubalinsa da siminti. Tela ya yi fenti ruwan hoda, Makaniki ya yi shuɗi, Mai Aski ya manna tayil irin na banɗaki tun daga ƙasa har sama, in rana ta buga sai ka wuce ido a rufe. Ƙofofin katako duk aka ɓalle aka sa na ƙarfe.

Gidanmu ne kaɗai ba a taɓa ba, kuma ba jarumtata ba ce. Inna ce, mahaifiyata, ta ja kujerarta ta zauna a bakin ƙofa ta ce mai son cire ƙofar sai ya fara cire ita tukuna. A bayan ƙofar nan, ta ciki, mahaifinmu ya riƙa tsaga tsawon kowane ɗa da wuƙa duk shekara. Mu biyar ne. Tsagogin mutum huɗu sun hau har sun wuce kan Inna. Na ƙanina sun tsaya daidai ƙuguna, domin shekara shida ya yi a duniya. Kullum da safe in Inna ta buɗe ƙofa sai ta ɗora yatsa a tsagarsa ta ƙarshe kafin ta zauna. Ban taɓa tambayarta ba, don na san in na tambaya ni zan fara kuka.

Kwamitin bai sake dawowa ba. An ce motar ce ta lalace, daga baya aka ce kwamitin ne.

Ranar Litinin sai ga farar motar nan, da direbanta, da lasifikarta, an dai canza rubutun da ke jikinta. Yanzu Kwamitin Farfaɗo da Tsofaffin Unguwanni ne. Sakatare ya sauko ya ce za a faɗaɗa babban titi ta kan layinmu, sai fa in an samu aƙalla gida goma masu kamannin da, to sai a bar mu a kira mu unguwar tarihi. Kuma ranar Alhamis Mai Girma Uban Almakashi, wanda ƙyalle bai taɓa miƙewa a gabansa ya tsira ba, zai zo ya gani da idonsa.

Tela ya ƙura masa ido, ya ce, "Ranka ya daɗe, ba kai ne ka ce mu sabunta ba?"

Sakatare ya ce, "Wancan karon a wancan kwamitin nake." Ya shige mota abinsa.

Muka taru a shagon Mai Aski. Gida ɗaya muke da shi mai kamannin da, ana neman goma, kwana uku ya rage. Can sai Makaniki ya goge hannu a wando ya ce, "In dai tsufa suke so, ai sana'ata ce. Sabuwar mota in ta kwana biyu a wurina mai ita ba ya gane ta." Duk wanda ya taɓa kai masa mota ya ɗaga kai ya ce shaida ne.

Tun da nake ban taɓa ganin layinmu cikin nishaɗi irin na kwana ukun nan ba. Ko'ina ƙarar guduma, ana ɓamɓare siminti ana waƙa. Mai Wanki, wanda ya shekara talatin yana yaƙi da tabo, shi aka naɗa shugaban tabo, tunda ya san wanda ba ya fita. Ya kafa ganga a tsakiyar layi ya haɗa baƙin mai da toka da dafaffen ganyen shayi, yana juyawa yana ɗanɗanawa da ido, in ka kawo bokiti sai ya tambaye ka, "Shekara nawa kake so?" Mai Aski ya tsaya yana kallon tayil ɗinsa na zubowa yana share hawaye, amma da aka shafa masa haɗin sai ya ce a ƙara, don ba zai yarda gidan Tela ya girmi nasa ba. Tela ya ce nasa shekara ɗari biyu ne. Kafin azahar Mai Aski ya kai ɗari uku. Matar Makaniki ta samu sarƙar keke tana dukan marfin taga da ita, mijinta na tsaye daga nesa yana cewa bai taɓa sanin tana da wannan ƙarfin ba, kuma daga yau zai riƙa dawowa gida da wuri. Tela ya je ya ciro tsohuwar ƙofarsa daga kan akurkin kaji inda ta zama rufi, ya ɗauko ta a ka, kaji bakwai suka biyo shi har ɗaki.

Ni kuwa na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya a ƙofar gidanmu ina raba shawara kyauta. Mai gidan asali ne ni, me zai dame ni?

Alhamis ta zo. Mai Girma ya iso da mota tara, layinmu bai ɗauki ko ɗaya ba, dole ya sauko ya taka da ƙafarsa mai albarka. Allah ya saka masa, na ƙirga taku arba'in bai nemi kujera ba. A gefensa akwai wani Masani da gilashi da fayil, a cikin fayil ɗin akwai hoton yadda tsohuwar unguwa ya kamata ta kasance. Masani ya kai hanci jikin bangon Tela ya shaƙa, ya lumshe ido ya ce, "Ranka ya daɗe, ka ji ƙamshin zamanin da." Makaniki ya raɗa min cewa baƙin man tifa ne, jiya ya juye shi. Na ciji leɓe har sai da na ji gishiri.

Haka suka bi gida-gida, Sakatare na sa alama. Goma. Sha ɗaya. Sha uku. Mutanen layi har sun fara taɓa juna da gwiwar hannu. Sai aka zo gidanmu, na gyara tsayuwa ina jiran yabo.

Masani ya dubi bango, ya dubi hoto, ya taɓe baki. Ya ce, "Wannan bai tsufa da kyau ba."

Ashe laifinmu tsafta. Inna duk mako sai ta shafa wa ƙofar nan mai, sai ta sa an goge tubali, ga shi ba tabo ba ƙauri. Masani ya leƙa bayan ƙofar ya ga tsagogi, ya ce yara marasa tarbiyya sun lalata ta. Ya ce kada mu damu, kwamiti ya sa an ƙera tsofaffin ƙofofi sababbi fil a masana'anta, duk iri ɗaya, gobe za a cire wannan a kawo mana ɗaya.

Dariyar da na kwana uku ina yi ta ƙare nan take. Tsoro na ji, na gaske.

Inna ta miƙe da sandarta. Ba Masani ta kalla ba, Mai Girma ta kalla, ta ce, "Ɗan nan, zo nan." Masu tsaronsa suka motsa, shi kuwa ko don kyamara ko don ya tuna ana kiransa haka, sai ya zo. Ta sa ya jingina da bayan ƙofa, ta ce ya cire hula, ta miƙa sandarta ta ɗora a kansa ta duba. Ta ce, "Ka kai babban ɗana yana shekara sha huɗu." Wani a baya ya yi tari mai kama da dariya. Sannan ta sauke yatsa ƙasa zuwa tsagar nan. Ta ce, "Wannan a nan ya tsaya. Ba ni da hotonsa, ba ni da rigarsa. A ƙofofin da kuka ƙera akwai mai irin wannan?"

Mai Girma ya daɗe yana kallon wurin. Ya ce a hankali, "Tamu uwar da gawayi take yi, a bango." Bai faɗi inda bangon yake yanzu ba, mu ma ba mu tambaya ba. Ya mayar da hularsa ya ce wa Masani a bar ƙofar. Aka miƙa ƙyalle, ya yanka, aka tafa, layinmu ya tsira da gida goma sha uku na tarihi da guda ɗaya da aka yi wa afuwa.

Jiya takarda ta iso da hatimi biyu. Ƙofarmu yanzu tana ƙarƙashin kariyar kwamiti. Ba a buga mata ƙusa, ba a shafa mata mai, ba a karce ta, sai da izini a rubuce.

Na karanta wa Inna ita yau da safe, bayan an jiƙa rigata. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta kira autata, wadda ta cika shekara bakwai a watan nan, ta tsayar da ita a bayan ƙofa, ta ce in miƙo mata wuƙar yanka albasa. Sabuwar tsagar ta faɗa yatsa biyu sama da ta ƙanina. Inna ta shafa su duka biyun, ta ce, "Ta wuce shi." Ta koma kujerarta ta zauna.

Mai Wanki ya riga ya zo da ɗan ganyen shayi ya goga a wurin. Saboda haka in Sakatare ya zo dubawa, tsagar nan shekararta ɗari uku, kuma ina da shaidu gida goma sha uku, dukkansu tsofaffi tun ranar Laraba.