Wutar Fimbol Ta Daina Rawa

Wani ne ya sauka New York, ko jakarsa bai gama kwancewa ba kawunsa Rashidu ya ɗauke shi aiki a shagonsa na aski a Fordham Road. A kusurwar shagon akwai tsohon injin wasa, fimbol, wanda ake harba 'yar ƙwallon ƙarfe ta yi ta yawo a ƙarƙashin gilashi.

Kawu ya miƙa masa leda cike da ƙananan ƙwayayen fitila na LED.

"Wani Bature zai zo ya sayi injin nan da la'asar. Cire tsofaffin, ka sa waɗannan. In ka ɓata min ciniki, gobe ka nemi wani kawun."

"Haba Kawu! A unguwarmu ni ne injiniya."

Kawu ya fita. Mutumin naka ya canja ƙwayaye tsaf, ya kunna. Fitilu suka hau walƙiya, ja ta kama, shuɗiya ta mutu, mai ruwan ɗorawa ta ƙifta.

Ya dafe ƙirji. "Innalillahi! Wuta na rawa!"

Da gudu ya zare firji, ya zare talabijin, ya fizge wayar injin askin da ake yi wa wani bawan Allah, ya bar shi da rabin kai. Sannan ya leƙa wajen Adjara, mai sayar da abinci a maƙwabta.

"Hajiya, ku ma taku tana rawa?"

"Me ke rawa?"

"Wuta mana! Ki sa wayarki a caji, yanzu za a ɗauke."

"Ɗan'uwa, tun da na zo ƙasar nan ban ga an ɗauke ba."

"To namu layin ne ya samu matsala."

Ya koma ya buɗe cikin injin. Ya tsittsinke wayoyi, ya murɗe su wuri guda da haƙori, ya naɗe da salatif. Da ya kunna, fitilu suka tsaya ƙyam, fari fat, ko ɗaya ba ta ƙiftawa. Daɗi ya kama shi har ya ɗauki hoto ya tura gida.

La'asar na yi sai ga Kawu da Bature. Bature ya harba ƙwallo, ta bugi nan ta bugi can, fitilu ko gezau. Ya leƙa ciki, ya ga ƙullin salatif kamar kan akuya. Ya ɗora hannu a ka, ya fice ko sallama babu.

Kawu ya shaƙo wuyan rigar mutumin naka.

"Kai, wane ne ya aike ka? Walƙiyar nan ita ce wasan! Ta kawo ta ɗauke, ta kawo ta ɗauke, ita mutumin ya zo saye da tsada!"

Mutumin naka ya dubi injin, ya dubi Kawu.

"Wutar da ke kawowa tana ɗaukewa ce ake saye da dala?"

"Ita fa!"

"To Kawu, me ya kawo mu Amurka? Ai garinmu gaba ɗaya fimbol ne!"