Dalolin da Na Ba Lawal Ya Liƙa Mini

Ko zan manta da komai na zamana a Greensboro ta Amurka, ba zan taɓa mantawa da walimar kammala karatunmu ba, ranar da na yi rarrafe a ƙarƙashin tebur sanye da rigar digiri.

Tarihi na karanta. Baba bai hana ni ba, shi ne ma ya sa hannu ya tsaya mini na ci bashin karatu. Sai dai duk lokacin da ya dawo daga tuƙin babbar mota, yakan dube ni da tulin littattafaina ya tambayi nawa ake biyan mai tarihi. Ni kuma in kwararo masa bayani a kan amfanin sanin jiya (kada ku ga laifina, abin da na ci bashi na koyo ke nan). Da na gama, na samu aikin sayar da tikiti a wani ɗan gidan adana kayan tarihi a cikin gari. Albashin nan in ka ajiye shi kusa da bashin, sai ya ba ka tausayi.

Ƙungiyarmu ta 'yan Arewa ta shirya wa yaran da suka gama jami'a walima a wani zaure da ke tsakiyar gonaki a McLeansville. Kowa ya san yadda ake yi: a kira sunanka, ka fito fili, a sa kiɗa, jama'a su yi maka liƙi. Ba a faɗa da baki, amma abin da ya zuba a kanka shi ne hukuncin jama'a a kan abin da ka karanta. Ni kuwa babu abin da nake so kamar Baba ya ga ana rububin ɗansa, ko ya daina ganin ya sa hannu a kan asara.

Sai dabara ta zo mini, kuma wallahi a lokacin na ji kaina ya yi girma. Liƙi kamar hamma yake, in mutum ɗaya ya fara sai kowa ya kama. Na kwashi kuɗin da na ware don biyan bashin watan farko, na je banki a Elm Street na canza su zuwa dala ɗaya-ɗaya (kallon da matar bankin ta yi mini, har yau ban san me ta ɗauke ni ba). Na damƙa wa abokina Lawal, muka yi yarjejeniya: da zarar an kira ni, ya fito ya yi ta watsa mini, jama'a su biyo baya. In an tashi in tattara nawa da ribarsa.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne Safiya, wadda ta karanta harhaɗa magunguna, wadda kuma Lawal ya daɗe yana mutuwar sonta a ɓoye. Ita aka fara kira.

Mai gabatarwa, Malam Sabo, ya zo da wani sabon salo. Duk wanda ya kira, sai ya duba wayarsa ya karanto wa jama'a abin da masu irin wannan digiri suke samu a shekara. Da ya karanto na Safiya, mata suka rangaɗa guɗa. Wani ɗan likita daga Irving Park, unguwar masu kuɗi, ya taso yana gyara babbar riga, ya fara ɗora mata 'yan ashirin-ashirin a goshi. Ina daga inda nake na ga idon Lawal ya canza. Na ɗaga masa hannu, na girgiza kai, har hular digirina ta karkace. Bawan Allah nan bai ko kalle ni ba. Ya shiga fili ya zaro dalolina, ya yi ta watsi da su kamar mai ba kaji hatsi, jama'a na tafi suna cewa ashe Lawal yana da abin hannu. Bai tsaya ba sai da aljihunsa ya koma fayau.

Sannan aka kira ni. Malam Sabo ya ce tarihi, ya duba waya, ya yi ta jan allo da yatsa, ya ƙara ja. Can ya ɗago ya ce, "To, jama'a, Allah shi ne mai azurtawa."

Aka sa kiɗa, na tsaya ni kaɗai ina ɗan rausayawa. Anti Talatu, aminiyar Mama, ta ji tausayina ta taso da dala biyar, ta raɗa mini ko ina da canji. Da na ce babu, ta mayar jaka ta sa mini albarka.

Da mai hankali ne, da nan ya koma ya zauna. Amma ni na hango wasu dalolin da iskar fanka ta tura ƙarƙashin teburin abinci, raina ya ce ai haƙƙina ne. Da hankalin jama'a ya koma kan shinkafa, na sulale na shige. Ina cikin cusa su a hannun riga aka ɗage mayafin teburin. Hajiya ce, mahaifiyar Safiya, ta ga ƙafafu sun leƙo. Ta ɗaga murya ta ce ga mai tarihi yana kwashe kuɗin 'yarta.

Kiɗa ya tsaya. Malam Sabo ya matso da abin magana a hannu, ni kuma don in wanke kaina daga sata, na faɗa da ƙarfi daga durƙushe, "Wallahi nawa ne, Hajiya. Ni na ba Lawal ya liƙa mini."

Sai da maganar ta fito ta lasifika na gane da na bari an ce ɓarawo ne da ya fi mini sauƙi. Dariyar da aka yi, har da 'yan'uwan da ake nuna wa bikin ta waya daga Zariya. Lawal ya ɓace kamar ba a taɓa haihuwarsa ba.

A mota, da muka kusa gida, Baba ya ɗauko zancen. Ya tambaya ko kuɗin biyan bashin ne, na ce su ne. Yana kallon hanya ya ce, "Ni ban taɓa jin kunyar abin da ka karanta ba. Tsoron bashin nake ji, don na san nauyinsa. Kunya kam, yau ka fara ba ni."

Maganar nan ta fi dariyar zauren duka yi mini ciwo. Shi ya biya na watan, ya kuma sa na je har gida na ba Hajiya haƙuri, na mayar da 'yan dalolin da na tsinto.

Lawal ya auri Safiya, kuma har yau surukarsa tana yabon kyautarsa. Ni ina nan ina biyan bashi a hankali. In ƙanne suka tambaye ni ko karatun tarihi yana biyan kuɗinsa, nakan ce su zauna da iyayensu su yi lissafi tsakani da Allah kafin su sa hannu. Amma ko me suka karanta, kada su ba mai neman aure ajiyar kuɗi.