Injiniya Daga-Nesa da Takardar Matan Lahodu

Duk wanda bai san Attahiru ba, bai san Wurno ba. Sati uku cur ya yi a Sakkwato yana koyon kwamfuta, ya dawo da tabarau da jakar rataye da suna Injiniya. Mu ne muka ƙara masa Daga-Nesa, don ya ce zai iya zama a Wurno ya sarrafa kwamfutar da ke Goronyo. Ba mu taɓa gani ba, amma mun ba da labarin har kasuwar Gandi.

Shi ne sakataren ƙungiyarmu ta manoman rani, ofishin kuma yana Goronyo. Wata Talata jami'in rabon irin shinkafa ya sauka Wurno, ya ce sunan da bai shigo hannunsa ba kafin la'asar, sai baɗi. Inna Turai, shugabar matan Lahodu, ta zo hankali tashe, don sunayen matanta arba'in da biyu suna cikin kwamfutar Goronyo.

"Attahiru, hau babur ka ɗauko muna takardar nan," in ji ta.

Injiniya ya yi murmushin tausayi. "Babur, Inna? Wanga zamani? Daga nan inda nike zaune za ni miƙa hannu Goronyo. Ku matso ku ga ilimi."

Muka matso kuwa, har da masu ɗauko benci. Ya buɗe ƙaramar kwamfutarsa, ya yi mana bayanin manhajar da ya sa wa na'urorin biyu, ya karanto lambar ta Goronyo da ƙarfi kamar mai sanarwar ɗaurin aure. Ya danna. Shiru. Ya sake dannawa, ya hura madannan. Can ya tuna: jiya shi da kansa ya kashe kwamfutar Goronyo, ya lulluɓe ta da zane, ya kulle ofis. Makulli yana aljihunsa, domin Injiniya ba ya yarda hannun jahili ya taɓa masa kaya.

"Ƙaramar matsala ta," ya ce, ya hau babur ɗin da ya raina.

Ya isa Goronyo da azahar. Ya kunna kwamfuta, ya haɗa ta da intanet, ya buɗe sunayen, ya ƙirga su da yatsa, arba'in da biyu cif. Na'urar buga takarda na nan gefensa. Ya dube ta, ya tuno bencin da muka jera, ya kulle ofis ya kamo hanyar Wurno hannu rabbana.

Ya iso buɗu-buɗu, muka yi masa tafi. Wallahi mun yi. Ya danna, sai ga rubutu ya fito. Ya karanta sau biyu. Kwamfutar Goronyo tana jiran wani ya danna mata amincewa kafin ta buɗe ƙofa, ofis kuwa a kulle, ko ɓera sai ya nemi izini.

Ana sallame la'asar jami'i ya shiga mota.

Inna Turai ta ba ni tausayi. Ba ta yi kururuwa ba, ta dai tsaya kansa.

"Da kaj je, sunayen ba su gabanka?"

"Suna gabana, Inna."

"To mi yah hana ka bugo su ka taho da su?"

Ya gyara tabarau. "Haba Inna! Ai wanga aikin ɗan aike na. Ni injiniya ni ke."

Ta juyo ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, mu talatin da 'yan kai, rabinmu da babura a jingine. Tun ɗazu ko mutum ɗaya bai ce a bi Injiniya Goronyo a karɓo takardar ba, don kowa na tsoron ya tashi a cinye masa wurin zama. Matan Lahodu dai ba su sami irin bana ba. Mu kuwa muka bi layi muna yi wa Injiniya sannu da hanya.