Rundunar Sarkin Ruwa Auta

Duk fadamar Haɗeja, daga Malam Madori har Guri, babu mai hangen nesa kamar Sarkin Ruwa Auta. Sauran sarakunan ruwa kifi kawai suka sani. Shi kuwa rediyo gare shi.

Shekarar Udoji rediyon nan ya gaya masa Amurka da Rasha suna ta jibge jiragen yaƙi a Tekun Indiya. Ya dubi tafkin ƙauyensu, wanda ba a taɓawa sai ranar su, wato kamun kifin gayya na shekara, wanda kifinsa ke riƙe miyar gari har damina, sai ya ga ashe shi ma teku ne, mutane ne ba su lura ba. Aka sa masa Kwamandan Kwalekwale, ya kuwa amsa.

"Tafkin nan idon duniya yana kansa," in ji shi a ƙofar masallaci. "Manya ba sa zama babu ƙawaye."

Ya gayyato Zarami, wani masunci daga Nguru, ya kafa bukkoki a gabas don gadi. Da ya ga Zarami ya fara ƙarfi, sai ya kira Fannami daga Gashuwa ya sauka a yamma, wai don a daidaita. Zarami ya hango jiragen yamma, ya aika gida a ƙaro masa. Fannami ma haka. Kafin kaka ta wuce, agwagwar ruwa ba ta samun wurin sauka.

Mai gadi kuwa ba ya gadi da yunwa. Hayaƙin banda ya riƙa tashi gabas da yamma. Matar Auta, 'Yar'azumi, ta ce ita dai ƙamshin tarwaɗa take ji. Ya ce atisaye ne, harkar tsaro ba ta mata ba ce.

Ranar su gari ya fito, maza da homa da gora, mata da ƙore. Kwamanda ya tsaya cikin jirgi da babbar riga, ya yi dogon jawabi kan zaman lafiyar yanki, sannan ya buɗe ruwa. Aka dama taɓo har azahar. Wanda ya fi kowa sa'a ya fito da kwaɗo. Rundunonin biyu kuwa tuni sun tashi, jiragensu na tafiya da ƙyar saboda nauyi.

Da 'Yar'azumi ta ajiye wa Auta tuwo da miya lami, sai ya gyara zama.

"A shaida wa dagaci, bana ko ɓarawo ɗaya bai shiga tafkin nan ba."

Ta ce, "Gaskiya ne, maigida. Ai duk da sallama suka shigo."