Kunne Ba Ya Ganin Yatsa

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin aurena ba, kuma ba don amarya ba (Allah ya sa kar ta karanta wannan).

Ina aiki a wani ɗan kamfanin rubuta manhaja a Kawo. Ni na gina manhajar da ke tsara layin ganin likita a wani asibiti, kuma duk ofis ni kaɗai na san cikinta. Da na nemi hutun aure, shugabarmu Hajiya Binta ta ce, “Rubuta wa Sadiƙ da Maryam bayanin komai. In ba haka ba, ko kana gaban liman za mu kira ka.”

Ni kuwa rubutu ba ya cikin abubuwan da nake ƙauna. Na ce ai zamani ya wuce nan, murya zan naɗa musu. Na kulle ƙofa, na buɗe kwamfuta, na gyara murya kamar mai karanta labarai a rediyo, na yi ta zuba. Na tura ban ko saurara ba (wa ke duba aikin gwani?), na kashe waya.

Bayan ɗaurin aure a Rigachikun, ina zaune cikin abokai, babbar riga ta sha sitaci, sai ga Sadiƙ rungume da kwamfuta, Hajiya a bayansa.

“Ango, Allah ya sanya alheri,” in ji ta. “Manhajarka ta tsaya tun safe, marasa lafiya na kan benci. Sadiƙ, kunna masa.”

Sai muryata ta cika rumfa: “Kun ga wannan? To, kar ku taɓa shi. Wancan na ƙasa shi ne uwar matsala. In ya ƙi, ku dawo nan ku danna wannan.”

Ashe tun daga farko har ƙarshe da yatsa nake nuna allo, ni kaɗai a ɗaki.

Kawuna ya leƙo ya ce, “Ɗana, wanne ne wannan ɗin?”

Abokai suka kwashe da dariya har mai rabon goro ya zauna. Haka na naɗe hannun riga, na gyara manhaja a kan tabarma, shinkafata tana hucewa. Har yau a ofis Malam Wancan ake kirana.

Yanzu in zan naɗi bayani, sai na zauna a kan hannuwana tukuna.