Cukun da Na Samo a Guangzhou

Na rantse wa 'yan masaukinmu a Guangzhou sai na samo cukun madara zalla, wanda ba a zuba wa sinadari ba. Alhaji Isa, ɗan Maraɗi, ya ce, "Malam, ka haƙura." Na ƙi.

Kwana uku ina yawo, kowane kanti sai "meyo", wato babu. Rana ta huɗu na gan shi gaban wata tsohuwa, fari tas. Na kwaikwayi tatsar saniya, ta gyaɗa kai tana dariya. Na sayo kilo biyar, na tara jama'a, har da jawabi.

Alhaji ya gutsura, ya dube ni. "Bakano guda bai san awara ba?"

Har yau in na shigo sai su ce, "Arɗo, ya garken waken suya?"